Gudun Awa Uku: Yaƙi da Farautar Barewa da Karnuka a Ingila da Inda Doka Ta Bar Ƙofa

A kudu maso yammacin Ingila, tsakanin gundumomin Devon da Somerset, akwai wani yanki mai tuddai da kwazazzabai da ake kira Exmoor, kusa da shi kuma ga tsaunukan Quantock. Nan ce matattarar jar barewa, dabbar daji mafi girma da ta rage a doron ƙasar Birtaniya. Sunan barewa aro muka yi mata don shi ne mafi kusa a bakinmu, amma ba siririyar barewar nan ta sahel ba ce. Namijinta ya kai girman kanki, ƙahonsa rassa-rassa ne kamar busasshen itace, kowace shekara yana kaɗe shi ya fitar da sabo. A Exmoor kaɗai ana ƙiyasta akwai kimanin 3,000. A wannan yanki ne ƙungiyoyin farauta uku, wato ta Devon and Somerset, da ta Quantock, da ta Tiverton, suke bin barewa da karnuka da dawakai, kuma shekara ɗari ke nan ana kai ruwa rana a kansu.

Bahaushen da ya ji an ce ana yaƙi da farauta da karnuka zai iya yin mamaki. Mafarautanmu suna fita da karnukansu da rani, kuma Alƙur'ani ya halatta abin da horarren kare ya kamo wa mai shi. Sai dai abin da ake yi a Exmoor daban yake. Karen da ake amfani da shi can ba don ya cim ma dabba cikin hanzari aka hore shi ba. An zaɓi irinsa ne don ƙarfin hanci da juriya, kuma barewa ta fi shi gudu nesa ba kusa ba. Aikinsa shi ne ya yi ta bin warinta awa bayan awa har ta kasa ɗaga ƙafa, sannan a zo a harbe ta. Wannan doguwar kora ita ce abin da mahayan suka fito nema, kuma ita ce abin da masu fafutikar walwalar dabbobi suke cewa a daina. Wanda ya san hadisin da ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku kashe ku kyautata kisan, ba zai sha wahalar gane inda ƙorafin ya dosa ba.

Ga yadda ranar farauta take tafiya a tsarinta na asali, kafin dokar 2004 da ta hana farauta da karnuka. Tun jiya da yamma, da kuma asubahin ranar, akwai mutum guda, mai sawu, wanda aikinsa shi ne ya zaɓo dabbar da za a bi. Yakan durƙusa ya duba sawun kofato a taɓo: faɗin dunduniya da dakushewar bakin kofato suna gaya masa ko namiji ne, kuma ko ya manyanta. Yakan duba kashi, da ɓawon itacen da aka goga da ƙaho, da irin ɓarnar da aka yi a gona. Idan ya ga sawun ya shiga wani kurmi, sai ya zagaye kurmin kaf ya tabbatar bai fita ta wani gefen ba. Wanda ya cancanci a bi da kaka shi ne namiji mai shekara biyar zuwa sama. Da hantsi mahaya su taru, a bar yawancin karnuka a tsare, a shiga kurmin da ’yan tsirarun ƙwararru, karnukan tayarwa. Su ne za su tashe shi daga makwanci su ware shi daga sauran garke. Wannan kaɗai yakan ci awa guda ko fiye, domin tsohon namiji yana da wayo: yakan tunkuɗo ƙarami daga kwance ya maye gurbinsa, ko ya kutsa cikin mata don warinsa ya ɓace. Idan ya fita fili shi kaɗai, sai a tsayar da karnukan tayarwa, a ba shi rata, sannan a sako babban garken, karnuka ashirin ko talatin, a ɗora su kan warinsa.

Daga nan gudun barewa kashi-kashi ne. Takan ɓalle da ƙarfi ta bar karnuka a baya, ta tsallake shinge, ta samu wuri ta lafe tana haki. Bayan ɗan lokaci haushi ya matso, ta sake tashi. Kowace tashi ratar tana raguwa, hutun yana gajarta. Idan ƙarfi ya fara ƙarewa sai ta daina hawa tudu, ta gangara neman ruwa, ta bi tsakiyar rafi don sanyaya jiki da ɓatar da wari. Ƙarshen yawanci a ruwan yake. Namijin ya tsaya cikin kogi ruwa iya cikinsa, ya jingina baya da gaɓa ko dutse, harshe a waje, ya sunkuyar da ƙaho yana fuskantar karnukan da suka zagaye shi suna haushi. An hore su kada su kama shi. Mai bindiga ya matso kusa ya harbe shi a ka da bindiga mai gajeren baki. Daga baya a raba naman ga manoman da aka ratsa gonakinsu, kayan ciki na karnuka, kofato da haƙora su zama tsarabar mabiya.

Haka ake so ta kasance, amma ba kullum take zuwa haka ba. Mai bindiga yakan makara idan dabbar ta tsaya a kwarin da doki ko mota ba za su kai ba. Dabbar da ke jujjuya kai cikin ruwa takan sa harbin farko ya kuskure ƙwaƙwalwa ya sami muƙamuƙi ko wuya. Karnuka sukan ciji wadda ta faɗi kafin mutane su iso. Wata takan faɗa kan titi, ko lambun gidan mutane, ko ta maƙale a wayar shinge. A gaɓar Exmoor an sha ganin wadda ta faɗa teku tana iyo.

Lokutan farautar uku ne. Daga Agusta zuwa Oktoba manyan maza ake bi, kuma ƙarshen wannan zango ya zo daidai da lokacin barbara, sa’ad da namiji yake rage cin abinci ya rame. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu mata ake bi. Maris da Afrilu kuma na matasan maza ne, waɗanda suka fi kowa dogon gudu. Farautar mata ita ce ta fi wuyar karewa ko a bakin masu goyon baya. Macen da aka kora a Janairu tana ɗauke da cikin wata uku, ga kuma ɗan da ta haifa a Yuni yana biye da ita. Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to gudun yana yi, amma ɗan wata bakwai ba zai jure abin da uwarsa za ta jure ba. Ko dai ta sassauta dominsa, ko ta bar shi a baya cikin hunturu.

Ƙungiyar da ta fi daɗewa a wannan gwagwarmaya ita ce League Against Cruel Sports, wadda Henry Amos da Ernest Bell suka kafa a 1924. Shekaru da dama makaminta shi ne tayar da hankalin jama’a: hotuna, wasiƙu ga jaridu, ƙudurorin da ’yan majalisa ɗaiɗaiku ke gabatarwa su mutu a hanya. Daga ƙarshen shekarun 1950 ta sauya dabara, ta fara sayen filaye da kurmi a cikin yankin farautar, mafi shahara shi ne Baronsdown kusa da garin Dulverton, don barewar da ta shiga ciki ta tsira. A 1985 ta kai shugabannin ƙungiyar Devon and Somerset kotu saboda karnukansu suna kutsawa filayenta, kotu kuma ta yanke cewa mai karnuka yana da laifin keta haddi idan da gangan ya bar su suka shiga, ko kuma sakacinsa ne ya jawo. Diyyar ba ta taka kara ta karya ba, amma hukuncin ya tilasta wa mafarauta su riƙa tsayar da karnuka a kan iyaka. Dabarar tana da nata aibin. Bareyi sun taru da yawa a ƙaramin wuri, har aka samu tarin fuka na shanu a cikinsu a Baronsdown, abin da abokan hamayya suka riƙa yi wa ƙungiyar gori da shi. Gaskiya ce mai ɗaci, kuma ta nuna cewa hana kora kaɗai ba shi ne kula da garke ba.

Akwai kuma darasin da aka koya da wuya a 1993. Majalisar gundumar Somerset ta kaɗa ƙuri’a ta hana farautar barewa a wani fili nata da ke tsaunukan Quantock. Mafarauta suka garzaya kotu, kotu ta soke hanin, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1995. Dalili shi ne doka ta ba majalisar ikon sarrafa filinta ne don amfanin yankin da ci gabansa, su kuwa kansilolin sun yi hanin ne bisa ƙyamar da suke ji a ransu ba tare da sun ɗaure shi da wannan sharaɗi ba. Daga nan kowa ya gane cewa cewa “zalunci ne” ba zai tsaya a gaban alƙali ba sai an zo da abin da za a auna.

Abin aunawar ya fito ne daga inda ba a zata ba. National Trust gidauniya ce mai riƙon amanar filaye da gidajen tarihi, tana da mambobi miliyoyi, kuma tana da babban fili a Exmoor, Holnicote, wanda Sir Richard Acland ya ba ta a 1944 da fatan a ci gaba da farauta a kai. A 1990 mambobinta sun kaɗa ƙuri’a da ƙaramin rinjaye cewa a hana, shugabanni suka ƙi. Da matsin ya yi yawa, a 1995 suka ɗauko Farfesa Patrick Bateson na Jami’ar Cambridge, masanin ɗabi’ar dabbobi, ya bincika. Shi da Dokta Elizabeth Bradshaw suka bi farautar na tsawon lokaci, da yardar mafarautan kansu, waɗanda suka yi imani sakamakon zai wanke su. An ɗebi jini daga bareyi 64 da aka kashe bayan kora, aka kwatanta da na 50 da aka harbe suna cikin natsuwa ba su san da maharbi ba.

Matsakaicin kora ya kama kimanin awa uku, tafiyar kusan kilomita 19. Abin da jinin ya nuna kashi huɗu ne, kuma kowanne yana da ma’anarsa. Na farko, sikarin da jiki ke tarawa a tsoka don gudu, wanda ake kira gilaikojin, ya ƙare ƙarƙaf a dabbobin da aka daɗe ana kora. Ma’ana barewar da ta tsaya a ruwa ba dabara take yi ba, kuma ba zaɓi ta yi ba, ƙafafunta ne suka ƙi. Na biyu, sinadaran da mazauninsu cikin tsoka yake sun malalo cikin jini da yawan gaske, alamar tsokar ta yayyage. Na uku, jajayen ƙwayoyin jini sun farfashe. Idan aka tace jinin lafiyayyar dabba, ruwan da ke tasowa sama fatsi-fatsi ne kamar ruwan kara. Wanda ƙwayoyinsa suka fashe kuwa ja yake fitowa, kuma an ga alamar haka tun a farkon kora, ba sai a ƙarshe ba. Na huɗu, kotisol, sinadarin da jiki ke saki lokacin firgici da matsi, ya kai matakin da ba a saba gani a jar barewa ba, tare da endofin, wanda jiki ke fitarwa don danne zafin ciwo.

Bayanin da Bateson ya ba da kan dalilin haka shi ne ginshiƙin hujjar duka. Jar barewa dabba ce mai zama wuri guda, kiwonta da makwancinta ba su da nisa da juna. Abokin gabanta na asali kerkeci ne, shi kuwa kerkeci ko ya kama cikin ɗan gajeren zango ko ya haƙura. Saboda haka jikinta an gina shi ne don ɓallewa da ƙarfi na ’yan mintoci, ba don gudun yini ba. Karnukan da mutane ke taimaka wa, suna mayar da su kan wari duk lokacin da suka ɓata, suna ɗora mata abin da babu irinsa a daji. Kusan rabin waɗanda aka kora suna kuɓuta, mafarauta kuma suna kawo wannan a matsayin adalcin wasan. Bateson ya juya hujjar: wadda ta tsira ta sha wahalar ne a banza, tunda ba a rage ko ɗaya daga garken ba, kuma lalacewar tsoka irin wannan tana iya kwantar da dabba kwanaki ko ta taɓa ƙodarta.

Rahoton ya fito a Afrilun 1997. Washegari majalisar gudanarwar National Trust ta hana farautar barewa da karnuka a duk filayenta. Hukumar gandun daji ta bi sahu, kuma a shekarar ne ƙungiyar da ke farautar wata irin barewa a dajin New Forest, a kudancin Ingila, ta watse. Abin da shekara saba’in na zanga-zanga bai samar ba, kwalaben jini sun samar cikin kwana ɗaya.

Masu farauta ba su zauna ba. Da kuɗinsu da na ƙungiyar Countryside Alliance, mai goyon bayan farauta, aka yi wani binciken ƙarƙashin Dokta Roger Harris, ya fito a 1999. Alƙaluman da ya samu ba su yi nisa da na Bateson ba, fassarar ce ta bambanta. A ganinsa yawancin sauye-sauyen irin na dabbar da ta motsa jiki sosai ne, kamar dokin sukuwa, kuma wahala ta gaskiya tana zuwa ne a mintocin ƙarshe, wajen ashirin, bayan sikarin tsoka ya ƙare. Wannan ja-in-ja tana da amfani, amma akwai abin da ba ta amsa ba. Dokin sukuwa da ɗan tsere suna tsayawa idan sun gaji. Barewa tsoron mutuwa ke tura ta wuce inda jikinta ya ce ta tsaya. Kuma ko an yarda da minti ashirin ɗin, an yarda ke nan cewa kowace farautar da ta yi nasara da wahala take ƙarewa, domin ba a iya matsawa kusa da dabbar sai ta kai wannan hali. Kwamitin Lord Burns, wanda gwamnati ta kafa ya kuma ba da rahoto a Yunin 2000, ya saurari ɓangarorin biyu. Ya ce yawancin masana sun yarda barewa tana wahala a matakin ƙarshe, kuma harbin sanɗa, idan gwani ne ya yi, ya fi sauƙi ga dabbar.

A nan ya kamata a yi wa mafarauta adalci, domin suna da hujjojin da ba na banza ba. Babu kerkeci a Ingila tun ƙarnuka da suka wuce, don haka idan mutum bai rage bareyi ba za su cinye gonaki da ƙananan itatuwa, su kuma yi ta haɗuwa da motoci. Suna kawo tarihi: a 1825 aka sayar da karnukan yankin, farauta ta tsaya, manoma da ɓarayin daji suka kusa ƙarar da bareyin, sai da Mordaunt Fenwick Bisset ya farfaɗo da ƙungiyar a 1855 garken ya dawo. Manomi, in ji su, yana haƙuri da ɓarnar barewa ne don yana son farautar kuma yana samun kason nama. Suna kuma fita dare ko rana su ƙarasa barewar da mota ta buge. Sannan suna cewa kare ba ya barin rauni, ko a kashe ko ta tsira, harsashi kuwa yana iya karya ƙafa dabba ta gudu ta ruɓe a kurmi.

Lissafin Burns ya rage wa hujjar farko ƙarfi. A lokacin, ƙungiyoyin uku gaba ɗaya suna kashe kimanin bareyi 160 a shekara, wato wajen kashi 15 cikin ɗari na abin da ake buƙatar ragewa a yankin. Sauran duk da bindiga ake yi tun da can. A tsaunukan Scotland, inda jar barewa ta fi yawa a Birtaniya, da bindiga kaɗai ake sarrafa ta. Batun rauni kuwa an auna shi. Bradshaw da Bateson sun gano cewa a harbin sanɗa kimanin kashi 11 cikin ɗari suna buƙatar harbi biyu ko fiye, kashi 7 suna ɗaukar minti 2 zuwa 15 kafin su mutu, kashi 2 kuma suna tserewa da rauni. Kashi biyun nan abin damuwa ne, kuma duk mai fafutikar da ya ɓoye shi ya cuci hujjarsa. Amma a ɗaya gefen, ɗari bisa ɗari na waɗanda karnuka suka kai ƙasa sun bi ta cikin gajiyar da aka bayyana a sama. Kuma raunin harbi abu ne da ake iya ragewa. Dokar barewa ta 1991 ta gindaya cewa faɗin harsashi kada ya gaza inci 0.240, da ƙarfin da zai kashe nan take. Maharbin kirki yana tahowa ta inda iska ba za ta kai warinsa ba, ko ya jira a kan kujerar da aka ɗaure saman itace, ya ɗora bindiga kan madogara, ya jira dabbar ta tsaya ta ba shi gefe, ya nufi bayan kafaɗa inda zuciya da huhu suke. Kuskure yana zuwa ne daga harbin nesa, ko harbin dabba tana tafiya, ko neman kai da wuya don kada nama ya ɓaci, ko madubin bindigar da ba a daidaita ba. Idan an yi rauni, kare guda a igiya yana bin jini a gano ta. Wannan aikin kare ne da babu mai ja da shi.

Siyasar ta ɗauki shekara bakwai. A 1997 ƙudurin ɗan majalisa Michael Foster ya samu ƙuri’a 411 a kan 151, amma aka ja shi har lokaci ya ƙure. A Satumban 2002 mutum kimanin 400,000 suka yi maci a Landan don kare farauta. Ko ƙudurin sasanci da minista Alun Michael ya kawo a ƙarshen shekarar, wanda ya so a bar farautar yanyawa da lasisi, ya ce ta barewa a hana ta baki ɗaya. Daga ƙarshe majalisar wakilai ta yi amfani da ikonta na tsallake majalisar dattawa, dokar ta tabbata a Nuwamban 2004, ta fara aiki ranar 18 ga Fabrairun 2005 a Ingila da Wales.

To a nan ne aka yi tuya aka manta da albasa. Binciken da ya haifar da dokar tsawon kora ya auna, ita kuwa dokar yawan karnuka ta ƙirga. Ta hana farautar dabbar daji da karnuka, sannan ta jero keɓance-keɓance, uku daga ciki sun shafi barewa, kowanne da sharaɗin kada karnuka su wuce biyu. Akwai tayar da dabba daga maɓoya don a harbe ta da wuri. Akwai ceton wadda ake zaton ta ji rauni. Akwai kuma bincike da lura. Wannan na ƙarshe bai buƙaci lasisi ba, bai ce wata jami’a ta sa ido ba, bai ce a wallafa sakamako ba, bai kuma sa iyakar lokaci ko nisa ba. Ƙungiyoyin uku ba su watse ba. Abin da masu sa ido suka yi shekaru suna ɗauka a bidiyo shi ne karɓa-karɓa: karnuka biyu a kan wari, wasu a mota, idan waɗannan suka gaji a sauke sababbi. Mabiya a kan dawakai da babura masu ƙafa huɗu suna hango dabbar daga tudu suna sanar da juna inda ta nufa. Ita barewar ba ta san ko biyu ne a bayanta ko talatin ba. Haushi take ji, kuma a gare ta mutane sun fi na da yawa.

An taɓa samun nasara a kotu. A 2007 aka samu ma’aikata biyu na ƙungiyar Quantock da laifi, a ƙarar da League ta shigar da kanta, domin alƙali ya gamsu cewa abin da aka yi nishaɗi ne, ba tayarwa don harbi ba. Amma irin wannan hukunci kaɗan ne, kuma dalilan a bayyane suke. Babbar kotu ta fayyace a 2009 cewa dole a tabbatar da niyya, cewa neman dabba kawai bai zama farauta ba tukuna, kuma da zarar wanda ake tuhuma ya kawo wata alamar cewa yana cikin keɓancewa, mai gabatar da ƙara ne zai rushe ta ba tare da kokwanto ba. Ga wa’adin wata shida na shigar da ƙara. Ga hukuncin da tara ce kawai, babu ɗauri. Don haka bidiyon barewa tana gudu ba ya wadatarwa. Mai sa ido yana buƙatar hoton da ya nuna dabbar, sannan ba tare da yanke ɗauka ba ya nuna karnukan a kan sawunta, da fuskar wanda ke ingiza su da ƙaho ko murya, da lokaci da wurin da za a iya tabbatarwa a taswira. Yana buƙatar ya nuna cewa an samu damar harbi aka ƙi, ko cewa dabbar da aka ce mai rauni ce tana tsallake shinge lafiya lau. Duk wannan daga kan hanyar jama’a, domin idan ya shiga filin wani shi ne zai zama mai laifi, kuma haƙƙin farauta a babban ɓangaren Exmoor yana hannun wani kamfani na magoya bayan farautar, Badgworthy. Kora mai ratsa kilomita goma sha cikin kwari da kurmi ba mutum ɗaya ke iya ɗaukarta ba, sai ayari da suka rarrabu, kuma kowane giɓi a tsakanin hotunansu ƙofa ce ga lauyan da ke karewa.

A Faransa, inda wannan farauta take halal har yau, abin da ya motsa hukuma shi ne wani namijin barewa da aka bi har cikin lambun wani gida a Lacroix-Saint-Ouen, kusa da dajin Compiègne, a Oktoban 2017, aka harbe shi maƙwabta suna kallo suna ɗauka a waya. A 2019 aka fitar da ƙa’idar cewa dabbar da ta fake a cikin unguwa a ƙyale ta. Wannan ya kawar da abin daga idon mutane, amma awannin da ake yi a cikin daji suna nan yadda suke.

A Ingila an yi yunƙurin sassauta dokar a Yulin 2015, a cire iyakar karnuka biyu, gwamnatin David Cameron ta janye da ta ga ba za ta samu ƙuri’u ba. Scotland ta sake ɗaure tata dokar a 2023. Jam’iyyar Labour kuma ta yi alkawari a zaɓen 2024 cewa za ta hana bin warin da aka shimfiɗa da hannu, wanda ake zargin mafarautan yanyawa suna fakewa da shi. Sai dai masu bin barewa ba da wannan suka fi fakewa ba, don haka ko an cika alkawarin, Exmoor ba za ta ji a jikinta ba muddin ba a taɓa keɓance-keɓancen nan uku ba. Gyaran da zai yi aiki sananne ne: a cire keɓancewar bincike ko a ɗaure ta da lasisi da sa idon masana, a hana sauya karnuka a kan dabba ɗaya, a ce da zarar ta fito fili ba a samu harbi ba dole a janye karnuka, a kuma mayar da ganganci laifi ko ba a tabbatar da niyya ba. Ceton mai rauni a bar shi, amma da kare a igiya da maharbin da ya ci jarrabawa. Tare da haka sai an zauna da manoman yankin a kan wanda zai ƙidaya garken kowace shekara, wanda zai tsara adadin mata da mazan da za a rage, da wanda za a kira da ƙarfe biyun dare idan mota ta karya wa barewa baya a hanyar Dulverton.